Na Je Nijar Neman Geron Malam

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya.

Tun ranar da na dawo ban huta ba. Wadda ta shigo gaishe ni sai ta ce, "Iya Hajo, ba mu labarin Nijar." Ina gamawa wata ta yi sallama, in sake daga farko, har muryata ta dushe. Shi ya sa na zaunar da surukata Sa'adatu na ce ta ɗauko takarda, tunda ni ban yi karatu ba, ina faɗa tana rubutawa, a karanta wa mata a wurin taro kowa ta ji.

Sai na fara da abin da ya fitar da ni daga gida, ko da yake ba na iya faɗinsa ban yi hawaye ba.

Malam mai gidana, Allah Ya jiƙansa, yana da wani gero da ya gada wurin mahaifinsa. Zangarniyarsa gajera ce, tana da gashi kamar gemu, shi ya sa muke ce masa mai gemu. Tsuntsu ba ya son sauka a kansa, gashin yana tsokane masa ido. Kuma yana riga kowane gero nuna. Lokacin da maƙwabta ke zuwa awo kasuwar Ɗanzomo, mu muna gasa tumu. Mutanen garinmu duk sun bar shi sun koma sabon iri, Malam kaɗai ya riƙe. Kowace kaka sai ya zauna ya zaɓi zangarniya ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure ɗan ƙaramin dami ya rataye a ɗakinsa.

Bara waccan da bazara Allah Ya karɓi abinsa. A lokacin mun cinye mai gemun da ke rumbu, damin irin nan kaɗai ya rage. Ranar sadakar uku ina ɗaki kaina a ƙasa. Matan da suka zo daga nesa suna neman geron da za su yi gumba, mazan da za su hau rumbu kuwa duk suna zaure wurin karɓar gaisuwa. Suka ga dami a rataye, suka sauke, suka sussuke, suka daka. Ba da mugunta suka yi ba. Aka kawo mini gumbar aka ce in daure in sa wani abu a cikina. Ina kaiwa baki na san abin da na ci. Kukan da na yi ranar nan, mutane sun ɗauka na Malam ne kaɗai.

Damina biyu na hana a taɓa gefen gabas na gonar, inda yake shuka shi. Bana babban ɗana ya durƙusa ya ce, "Iya, ki yi haƙuri, gero ai gero ne. In ruwan shuka ya sauka ba a samo irin nan ba, zan haɗe wurin da riɗi. Ba ma barin ƙasa tana kwance." Ban ga laifinsa ba, yana da bakunan ciyarwa.

To a cikin haka ne ma'aikatan raya karkara suka zo garinmu daga Gumel, suna binciken tsofaffin iri da ke ɓacewa. Da farko maza suka tara a gindin dalbejiya suna cika takardu. Daga baya wata a cikinsu, Malama Bilkisu, ta ce ita sai ta shiga gidaje, don masu surfe da daka su ne suka san hatsi. Ta zauna a tabarmata ta ce, "Iya, wane iri ne da kuke da shi yanzu babu?" Na buɗe baki, kuka ya riga magana. Ba ta gaggauta ni ba. Ta rufe littafinta, ta jawo ƙwaryata ta ci gaba da tsince mini wake har na gama. Sau uku tana dawowa, tana bin tsofaffin gari da tambaya, har wani dattijo ya tuna cewa kakar Malam daga wani gari gaba da Dungas a ƙasar Nijar aka auro ta, kuma a cikin kayanta geron ya zo. Malama ta bincika ta ji matan garin suna da ɗakin ajiyar iri. Ta zo ta ce, "Iya, ni ko na gan shi ban san shi ba. Za ki iya tafiya?"

Ni da ban taɓa wuce Maigatari ba! Na ce zan iya.

Ranar Alhamis da sassafe a-daidaita-sahu ya kai ni Gumel. A bakin ofis na tarar da Talatu, taubashiyata da ke aure a Gagarawa, ita ce shugabar ƙungiyar matan ƙauyensu, an ɗauke ta don ta ga yadda ake ajiyar. Tana hango ni ta ce, "La ilaha! Wannan kayan gargajiyar za a kai wa mutanen Nijar? A nannaɗe ta da kyau kar ta karye a hanya."

Na ce, "Ke da aka ɗauko don ki danne mota kar iska ta kwashe ta?"

Muka sha koko da ƙosai muka shiga motar ofis, mu uku da direba.

Ba wanda ya tuna ranar kasuwar Maigatari ce sai da muka shiga cikinta. Shanu, raƙuma, tumaki, manyan motoci, ba gaba ba baya. Wani raƙumi ya sunkuyo ya leƙa ta tagar da nake, na saki salati na faɗa jikin Talatu. Ta ce, "Kwantar da hankalinki, ya ga sa'arsa ce ya zo gaisuwa." Har rana ta take muna tsakiyar dabbobi.

Ni duk rayuwata na ɗauka iyaka katanga ce mai tsawo da ƙofa. Ina ta baza ido, sai mota ta tsaya gaban gangunan ƙarfe da igiya an ɗaura mata tsummoki. Na ce, "Malama, saura nawa mu kai?" Ta ce, "Iya, ai mun zo." Ƙasar nan ɗaya ce da waccan, akuyoyi ma wucewa suke ta ƙarƙashin igiyar ba mai tambayarsu kati. Namu suka duba takardu suka sallame mu. A ɗaya gefen wani jandarma dogo, jami'in tsaron Nijar, ya karɓi katina, ya dube shi ya dube ni, ya ce, "Tsohuwa, ina zuwa?"

Kafin in amsa Talatu ta ce, "Ranka ya daɗe, miji za mu nemo mata, na gida duk sun ƙi."

Ya fashe da dariya ya ce, "To ku sauke ta nan, babana yana gida."

Na ce, "Ɗana, kar ka biye wa wannan, tun muna 'yan mata ba ta da kai. Iri zan nemo." Na gaya masa kaɗan daga labarin. Ya daina dariya, ya miƙo mini katin da hannu biyu ya ce, "Allah Ya haɗa ki da shi, Inna."

Bayan Dungas muka bar hanya muka shiga rairayi, ba mu yi nisa ba mota ta nutse. Direba ya taka, ta ƙara binne kanta. Muka fito muna turawa, Malama ta cire takalmi, Talatu na ba da umarni kamar ita ce direban, ni kuwa na dafa ne kawai don kar a ce ban taimaka ba. Wani mai amalanke ya zo wucewa, ya tsaya, ya kwance shanunsa biyu ya ɗaura wa motar. Haka motar ofis mai tambari a ƙofa ta fita, shanu na janta kamar garma. Ya ƙi karɓar komai sai goro ɗaya da na ba shi.

Da la'asar muka isa. Mata suka tarye mu da guɗa. Shugabarsu, Hajiya Maryama, doguwa ce mai tsagar fuska, ta riƙe hannuna ba ta saki ba har ƙofar ɗakin iri. Ɗakin ƙasa ne da ƙyauren ƙarfe, an sa masa kwaɗo uku. Ashe mabuɗan suna hannun mata uku, kowace tana rataye nata a wuya, ba a buɗewa sai duk sun hallara. Mu a wurinmu mabuɗi ɗaya ne, kuma a aljihun namiji yake kwana. Aka kira ta biyu ta zo. Aka aika kiran ta uku, aka dawo aka ce ta tafi kasuwar Maigatari sayar da akuya, za ta kwana wurin 'yarta, sai gobe bayan Juma'a.

Talatu ta tafa hannu ta ce, "Wato a cikin kasuwar nan muka bar mabuɗinmu muka taho!"

Direba ya ce yana da abin da zai ɓalle kwaɗon. Hajiya Maryama ta dube shi tun daga hula har takalmi, ta ce, "Ni da nake shugaba ban taɓa ganin cikin ɗakin nan ni kaɗai ba. Ku kwana, gida gidanku ne."

A gidanta muka sauka, ƙarƙashin rumfa a kan gadajen kara. Aka kawo fura, nononta ya fi gero yawa, da dambu mai zogale, da wani burodi dogo siriri kamar muciya, ɓawonsa ya kusa cire mini haƙorin da ya rage. Shayinsu a ɗan kofi ne kamar murfin kwalba, kuma sau uku ake sha. Talatu ta kwankwaɗe na farko gaba ɗaya, ta ɓata fuska ta ce, "Hajiya, wa ya gaya muku ba ni da lafiya?" Suka yi ta dariya, suka ce ta jira na uku, shi ne mai zaƙi.

Kafin magariba Malama ta tara matan ƙungiyar ta buɗe littafinta, suna faɗin irin da ke cikin ɗakin ɗaya bayan ɗaya. Ta ce in kwatanta musu nawa. Na kwatanta tsawonsa da hannu, na faɗi gashinsa. Suka dubi juna. Wata ta ce, "Mai gashi? Muna yara mun san shi. Yana sa ƙaiƙayi wurin sussuka, an daɗe da bari." Ga hadari yana haɗuwa a gabas, na san ruwan shuka ya kusa. Na juya baya na yi kukana. Talatu a karon nan matsowa ta yi ta zauna kusa da ni.

Da safe na ga mata suna wucewa da ƙore a kai, duk hanya ɗaya. Na tambaya, Hajiya ta ce wani dattijo ne ya rasu a ƙarshen gari, yau sadakar uku. Na ɗauki mayafina. Malama ta ce akwai mata biyu da take son mu gani kafin a buɗe ɗakin. Na ce, "Malama, ba na kwana a garin da aka yi rasuwa in tafi ban yi gaisuwa ba." Ta sa littafin a jaka ta biyo mu. A hanya Hajiya take gaya mana marigayin bai taɓa zuwa taro ba, bai yarda ya ba ƙungiya ko ƙwaya ɗaya ta irinsa ba, shi ya sa gidansa ba ya cikin takardar kowa.

Muka yi sallama muka shiga. Tsakar gida cike da mata, turame a jere. Ina neman ɗakin mai takaba, idona ya faɗa kan turmin da ke kusa da bango. Wata mata ta kwance ɗan ƙaramin dami ta cusa a ciki, gashin zangarniyoyin ya fito ta bakin turmin, ta ɗaga taɓarya.

Ban san lokacin da na ƙetare tsakar gidan ba, ni da sai na dafa nake tashi. Na tura hannuna cikin turmin. Matar ta yi ƙoƙarin tsayawa, amma taɓarya ta riga ta taho, ta same ni a ƙaramin yatsa. Har yau farcen baƙi ne, duk wadda ke so ta zo ta gani.

Matar ƙanwar marigayin ce. Ta jefar da taɓaryar ta ce, "Innalillahi! Wace ce wannan? Mahaukaciya ce aka bari ta shigo?"

Kowa na kallona. Kunya ta rufe ni, baƙuwa a gidan makoki hannu cikin turmin mutane, amma ban cire ba. Na ce, "'Yar'uwa, ki yafe mini. Daga ina kika sauko da wannan?"

Ta ce, "Daga ɗakinsa. Geron da aka kawo bai isa ba."

Na ce, "Iri ne. In kika daka shi, ba wani."

Sai muka ji murya daga cikin ɗaki, a hankali, "Ku shigo mini da ita, da abin da ke cikin turmin."

Matar marigayin ce, sunanta Abu, ba za ta girme ni ba. Tana zaune a kan tabarma ta lulluɓe, kamar yadda na zauna. Na yi mata gaisuwa, ta amsa. Aka ajiye zangarniyoyin a gabanta, ta shafa su, ta ce, "Wallahi ban san an sauke ba. Kwana ukun nan ban san inda kaina yake ba." Na ce na sani. Na gaya mata abin da ya same ni, ina faɗa muna kuka mu biyu, ƙanwar marigayin ma ta tsuguna a bakin ƙofa tana share ido tana hura mini yatsa.

Malama ta matso ta ce a kunnena, "Iya, kin tabbata shi ne? Kar in rubuta abin da ba haka ba." Na ɓanɓaro ƙwaya ɗaya na tauna. Na ce, "Fiye da shekara arba'in ina surfa shi. Rubuta."

Abu ta fara raba zangarniyoyin gida biyu, sai ta tsaya. Ta ce, "Ba nawa ba ne ni kaɗai. Ba a raba gado ba." Gaskiya ta faɗa, ni ma ba zan kai hakkin marayu gonar Malam ba. Aka aika zaure, aka ce sai an tara 'ya'yansa duka an ji ta bakin liman. Talatu ta ce ƙasa-ƙasa, "Ikon Allah. Da za a daka shi a cinye ba a nemi liman ba, yanzu da za a shuka ne ake taro." Wata mata ta toshe baki da mayafi, dariya ta kusa ƙwace mata a gidan makoki.

Hajiya Maryama ta aika gidanta aka kawo gero aka ci gaba da dakan sadaka, mu kuwa muna jira. Ban taɓa ganin hantsi mai tsawon wannan ba. Can babban ɗan marigayin ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ce liman ya ce in duk magada sun yarda ba laifi, kuma sun yarda, su bakwai, har da wadda ke aure a wani gari an same ta a waya. Ya dube ni ya ce, "Inna, da ba don ke ba da yanzu yana cikin cikinmu."

Abu ta tura mini rabi, ta ce, "Ki kai shi can. In nawa ya ƙi, na san inda zan aika."

Bayan Juma'a mai mabuɗi na uku ta dawo, ba ta ma sayar da akuyar ba, da ita ta dawo. Aka buɗe ɗakin. Jarkoki ne a jere, su bido suke ce musu, kowace an toshe bakinta, ga iri kala-kala masu kyau, amma babu mai gemu. Hajiya ta ce in takabar Abu ta ƙare za su je su roƙe ta ko zangarniya biyu ce. Malama kuwa ta zauna a dokin ƙofa ta daɗe tana rubutu. Ta ce daga yau duk garin da ta shiga, za ta fara tambayar su wa ne ba sa zuwa taro, kuma za ta gaya wa kowace ƙungiya, in manomi ya rasu a sami mace ɗaya ta je ta ɗauke irinsa kafin a jera turame. Talatu ta ce ita kuma da ta isa Gagarawa za ta sayo kwaɗo uku, sai ta ga namijin da zai haɗiye mabuɗi uku.

Dawowa ba mu nutse ba, mai amalanke ya kwatanta wa direba inda ƙasa ke da ƙarfi. Na ɗaure zangarniyoyin a zane na rungume a ƙirji, gashin na sukata, ban sauke ba. A iyaka jandarman nan na wurin. Ya leƙo ya ce, "Inna, an dace?" Na buɗe masa bakin zanen. Ya kira abokan aikinsa su zo su gani, ya ɗaga mana igiya da kansa.

Ranar Lahadi ruwa ya sauka a garinmu, mai yawa. Da gari ya waye babban ɗana ya zo ƙofar ɗakina da sungumi a kafaɗa, ya gaishe ni, ya ce, "Iya, daga ina zan fara sara?" Muka tafi gefen gabas, yana sara ina zuba iri ina rufewa da diddige. Rabin abin da na samo na shuka. Sauran na ɗiba wa Talatu ta kai Gagarawa, na ba Malama kaɗan, na ɓoye kaɗan inda ni da Sa'adatu kaɗai muka sani. Ina tafe a bayan yaron nan ina ganin tafiyar ubansa, hawaye na zuba, ga shi kuma ina jin daɗin da na manta akwai irinsa. Malam bai ga wannan rana ba. Allah Ya kai haske kabarinsa, Ya jiƙan mijin Abu da duk waɗanda suka riga mu.

Masu cewa in ɗiba musu, ku yi haƙuri sai kaka, in Allah Ya kai mu, ba wadda zan hana.

Jiya Malama Bilkisu ta biyo ta nan, ta ce mako mai zuwa za ta koma garin, ko ina da saƙo wurin Abu. Ta buɗe littafi tana jiran dogon bayani. Na ce, "Rufe littafinki, ba sai kin rubuta ba. Ki gaishe ta da takaba, ki ce mata ya tsiro."